Na'urar BVAS da ƙuri'ar talaka: tambayoyin da ake yawan yi

Tun bayan zaɓen 2023, da wuya a yi hirar siyasa a teburin mai shayi ko a majalisar bakin titi ba a faɗo kan na'urar nan ba. Wani ya ce ita ta ceci ƙuri'arsa, wani ya ce kuɗin ƙasa aka ƙona a banza. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi jin ana maimaitawa, daga ejan-ejan na jam'iyyu, da matasan da za su fara zaɓe, da iyayenmu mata. Duk inda na ambaci doka, ina nufin Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta. Inda kuma ra'ayina ne, zan ce ra'ayina ne.

Wai mece ce BVAS, kuma me ya bambanta ta da na'urar 2015?

Na'ura ce mai kama da ƙatuwar wayar hannu, aikinta biyu. Da safe tana tantance mai zaɓe, ta duba yatsansa ko fuskarsa ta tabbatar shi ne mai katin. Da yamma kuma, bayan an gama ƙirga, da ita ake ɗaukar hoton takardar sakamakon rumfa a tura. Ba ta kaɗa ƙuri'a, ba ta kuma ƙirgawa. Dangwale da ƙirge duk da hannu ake yi.

Wadda Farfesa Attahiru Jega ya kawo a 2015 kati take karantawa, sannan ta duba yatsa. In yatsan ya ƙi, sai a cike wani fom a bar mutum ya yi zaɓe. Shugaba Goodluck Jonathan kansa na'urar ta ba shi wahala a Otuoke ranar zaɓen. Wannan fom ɗin, da aka yi shi don sauƙaƙa wa mutane, shi ya zama ƙofar ɓarna: sai a ce na'ura ta ƙi, a cike fom ɗari, a dangwale ƙuri'a ɗari. BVAS ta zo ta toshe ƙofar, domin in yatsa ya ƙi akwai fuska, in duka sun ƙi babu fom. An fara gwada ta a wani zaɓen cike gurbi a Isoko ta Kudu, Jihar Delta, a Satumbar 2021, sai zaɓen gwamnan Anambra a Nuwambar shekarar.

IReV fa? Ba ita ce BVAS ɗin ba?

A'a. IReV shafi ne na intanet da hukumar INEC ta buɗe, inda ake ɗora hotunan takardun sakamakon rumfuna, wato fom EC8A, domin kowa ya shiga ya gani da idonsa. An fara amfani da shi a zaɓen cike gurbi na majalisar Jihar Nasarawa a Agustan 2020. BVAS ce mai ɗauko hoton, IReV ne allon da ake liƙa shi. Shafin ba ya tara lissafi da kansa, kuma wannan bambancin ne ya zama ƙashin bayan shari'ar 2023, kamar yadda na yi bayani a tambayar Kotun Ƙoli.

Na yi lalle, kuma mahaifiyata yatsunta sun goge saboda aiki. Za a hana mu zaɓe?

Ba za a hana ku ba. Lalle mai kauri a kan yatsa, ko yatsan da noma da surfe da wanki suka cinye zanensa, yakan sa na'ura ta yi gardama, amma dalilin da ya sa aka haɗa ta da duba fuska ke nan. A rumfarmu, cikin wata makarantar firamare, na ga wata dattijuwa an gwada yatsunta ɗaya bayan ɗaya duk sun ƙi, har layin mata ya fara gunaguni. Yarinyar da ke riƙe da na'urar, 'yar bautar ƙasa ce, ta ce, "Inna, ɗan gyara mayafin, ki juyo nan wajen haske." Tsohuwa ta juya, na'ura ta karɓa nan take. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," ta karɓi takardunta. Har yanzu in na tuna yadda ta riƙe takardun da hannu biyu sai in ji zaɓe ya ƙara girma a raina.

Ba a buƙatar cire hijabi, fuska kawai ake son gani. Mai niƙabi za ta ɗaga na ɗan lokaci. In da hali a jinkirta ƙunshi sai bayan zaɓe, a kuma goge gumi da mai a hannu kafin a kai layi. In kuwa na'urar ce ta lalace gaba ɗaya ba a kawo wata ba, sashe na 47 ya ce a soke zaɓen rumfar a sake shi cikin awa 24, matuƙar ƙuri'un wurin za su iya sauya sakamako. Kada ku yarda wani ya ce a ci gaba da hannu.

Ƙauyenmu babu sabis. Na'urar za ta yi aiki?

Tantancewa ba ta buƙatar sabis, domin sunayen masu zaɓen rumfar suna cikin na'urar tun daga ofis. Tura hoton ne ke buƙata. Ana ɗaukar hoton a rumfa a gaban jama'a, ya tafi da zarar an shiga inda sabis yake. Haɗarin yana cikin wannan tazarar, tsakanin ƙauye da inda waya ke kamawa, shi ya sa hoton da ku kuka ɗauka da wayoyinku yake da muhimmanci. Duba tambaya ta ƙarshe.

Me ake nufi da aringizo, kuma me ya sa ƙuri'u suka ragu sosai a 2023?

A da, ana cewa an yi aringizo ne idan ƙuri'un da aka kaɗa sun zarce yawan masu rajista a rumfa. Rumfa mai rajista 700, mutum 200 suka fito, akwai gurbin 500 da za a iya cikewa ba tare da doka ta ce uffan ba. Sashe na 51 na dokar 2022 ya sauya ma'aunin: yanzu da adadin waɗanda aka tantance ake gwadawa. In na'ura ta ce 200, aka tarar da 201 a akwati, sakamakon rumfar ya rushe. A ganina wannan layi ɗaya ya fi komai amfani a cikin dokar.

Masu rajista a 2023 sun haura miliyan 93, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba, kimanin kashi 27 cikin 100. A 2019 kusan kashi 35 ne, a 2015 kusan 44, a 2003 kuwa aka ce 69. Gaskiya ne mutane sun gaji da alƙawuran da ba a cikawa, kuma ƙarancin takardun naira da na man fetur a makonnin zaɓen ya hana da yawa tafiya garuruwansu. Amma ra'ayina shi ne wani ɓangare na waɗancan manyan alƙaluman na baya dama ba mutane ba ne, biro ne. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu, har ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Ƙaramin adadi na gaskiya ya fi min babban adadi na ƙarya, ko da yake abin kunya ne a ce mutum miliyan 8.79 ne suka zaɓi shugaban ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Me ya faru ranar 25 ga Fabrairun 2023 da sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafi?

Hukumar, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ta yi ta nanata wa 'yan ƙasa cewa za a ga sakamakon kowace rumfa a IReV a ranar zaɓe. Rumfunan sun haura 176,000. Da yamma ta yi, sakamakon sanatoci da na 'yan majalisar wakilai ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi, alhali na'ura ɗaya ce, rumfa ɗaya, malami ɗaya. Wakilan PDP da LP suka fice daga zauren tattara sakamako a Abuja, aka kuma sanar da Bola Tinubu da asubar 1 ga Maris, lokacin da dubban takardu ba su hau ba.

Bayanin da hukumar ta bayar a rahotonta shi ne kuskure ne a tsarin manhajar: an shirya ta tana jera sakamako jiha-jiha, na shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, sai ta rasa inda za ta ajiye shi, kuma takardar farko ta hau ne da ƙarfe 8:55 na dare. Mai yiwuwa haka ne. Amma ko da gaskiya ne, ba ya wanke kowa. Abin da ƙasa duka ta zuba wa ido, a ce ba a gwada shi ba sai ranar biki? Amanar da ta zube a daren nan ta fi kuɗin na'urorin tsada, kuma matasan da suka kwana a rumfa suna jira su ne suka fi jin zafin.

To me Kotun Ƙoli ta ce?

Ranar 26 ga Oktoban 2023 ta tabbatar da nasarar Tinubu a kan ƙarar Atiku Abubakar da ta Peter Obi. Game da na'ura, ta ce IReV ba wurin tattara sakamako ba ne, wurin kallo ne, kuma rashin ɗora hoto ba ya rushe zaɓe, domin doka ta bar wa hukumar zaɓin yadda za ta aika sakamako. Ma'ana, a 2023 alƙawarin ɗorawa yana cikin ƙa'idojin hukumar ne, ba a cikin dokar 2022 kanta ba. Takardar da aka cike da hannu ita ce hujja.

Kafin wannan, shari'ar Osun ta riga ta nuna hanya. Kotun zaɓe ta tsige Gwamna Ademola Adeleke a Janairun 2023 bisa aringizo a rumfuna 744, ta dogara da rahoton da aka ciro daga rumbun bayanan hukumar. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da shi, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Mayu, ta ce mai da'awar aringizo sai ya kawo bayanin da ke cikin na'urorin kansu, da rajista, da fom EC8A. Ka haɗa wannan da kwana 21 kacal da ake da su don shigar da ƙara, sai ka ga irin dutsen da aka ɗora wa mai ƙorafi. Ni dai ina ganin an juya nauyin. Wanda ya gudanar da zaɓe, takardu da na'urori duk suna hannunsa, shi ya kamata ya tabbatar wa kotu ya bi ƙa'ida.

In na'ura ta toshe aringizo, ta ina ake maguɗi yanzu?

Ruwa in an tare shi nan, can yake ɓullowa. Sakamako yana tashi daga rumfa zuwa mazaɓa, akwai su 8,809, daga nan zuwa ƙaramar hukuma, 774, sai jiha, sai Abuja. A kowane mataki wani ne yake kwafe lambobi daga wata takarda zuwa wata, yawanci cikin dare, a ɗakin da ba kowa ke shiga ba. A rumfa idanu ɗari ne a kan malamin zaɓe. A mazaɓa ƙarfe biyun dare, in ejan ya gaji ya tafi ko an sallame shi da ɗan abin shayi, 17 takan wayi gari ta zama 171. A Jihar Ribas, BBC da jaridar Premium Times sun tara takardun da ke IReV rumfa-rumfa, suka tarar lissafin wasu ƙananan hukumomi ya saɓa da abin da aka sanar. Wannan ma amfanin shafin ne: da babu shi, da babu mai iya kamawa.

Sai kuma ƙarfin tuwo. Na'ura ba ta hana 'yan daba tarwatsa layi a unguwar da aka san ba za a ci ba, ba ta kuma hana babban jami'i yin gaban kansa. A Adamawa, ranar 16 ga Afrilun 2023, kwamishinan zaɓen jihar Hudu Yunusa Ari ya sanar da Aishatu Binani a matsayin wadda ta ci zaɓen gwamna alhali ba a gama tattarawa ba, kuma ba shi ne baturen zaɓen ba. Hedikwatar hukumar ta soke sanarwar, aka ƙarasa, Ahmadu Fintiri ya ci.

Wani ya ce BVAS kamar VAR ce, wato bidiyon da alƙalin wasa ke dubawa a ƙwallo. Kwatancen ya yi?

Ya yi rabi. Ku tuna wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka, 7 ga Fabrairun 2024 a Bouaké. Najeriya na gaban Afirka ta Kudu da ɗaya, Victor Osimhen ya ƙara ta biyu saura 'yan mintuna. A gidan kallon unguwarmu an riga an hau benci, wani ya jefar da hularsa sama bai ma nemi inda ta faɗa ba. Sai alƙalin wasa ya je ya duba allo, ya soke ƙwallon, ya ba Afirka ta Kudu fenareti saboda ƙetar da Alhassan Yusuf ya yi wa Percy Tau tun a can baya. Suka farke. Ɗakin ya yi tsit, amma da aka maimaita hoton babu wanda ya ce ƙarya ne. Daga baya muka ci a bugun fenareti, 4 da 2.

Abin da ya sa muka haɗiye wannan hukuncin mai ɗaci shi ne an duba hoton kafin a tashi wasa, an duba shi a gabanmu, kuma abin da aka gani ya sauya hukunci nan take. IReV a 2023 ya zama allon da ba a wajabta wa alƙali kallo ba, ana buɗe shi bayan an miƙa kofi. In ana son kwatancen ya cika, sai ya zama tilas jami'in tattara sakamako ya buɗe hoton kowace rumfa a gaban ejan-ejan, ya gwada da takardar hannunsa, kafin ya rubuta lamba ɗaya.

Sayen ƙuri'a ya ƙaru ne, ko idona ne?

Ba idonka ba ne. Da aka daina iya rubuta ƙuri'a a ɗaki, sai ƙuri'ar mutum mai rai ta yi daraja, masu kuɗi suka koma sayenta. A 2023 da takardar naira ta yi wuya, taliya da atamfa da sabulu da turawa ta waya suka maye gurbi. Dokar 2022 ta tanadi tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyu, ga mai bayarwa da mai karɓa. Ba na zagin uwar da yaranta suka kwana da yunwa don ta karɓi taliya. Laifin yana wuyan wanda ya bar ta cikin yunwar sannan ya zo da kwali. Kwamitin Uwais tun 2008 ya ce a kafa hukuma ta musamman mai hukunta masu laifin zaɓe, kuma har aka yi zaɓen 2023 ba a kafa ta ba.

A Kano na'ura ce ta jawo rikicin kotu?

Ko kaɗan. Ranar 20 ga Satumban 2023 kotun zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 daga na Abba Kabir Yusuf saboda takardun babu hatimi, sa hannu da kwanan wata a bayansu, ta ba Nasiru Yusuf Gawuna. Kotun Ƙoli ta mayar da su ranar 12 ga Janairun 2024. Duk girman fasahar, hatimin roba ne ya kusa sauya gwamna. In an miƙo maka takardar ƙuri'a, juya bayanta ka duba kafin ka shiga dangwale.

Me ke sa a ce zaɓe bai kammala ba?

Idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke ba, sai a sake zaɓe a waɗannan rumfunan. Haka aka yi a Kano a 2019, a Kebbi da Adamawa a 2023. Ƙa'idar tana da ma'ana, amma tana ba mai faɗuwa dalilin tayar da fitina don a soke rumfuna da yawa, sannan a tattara kuɗi da 'yan jagaliyar jiha guda a kan mazaɓa biyu ko uku.

Me zai hana a koma zaɓe da kwamfuta gaba ɗaya, a huta?

An gwada a gida. Jihar Kaduna ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'urar latsawa a 2018, ta maimaita a 2021. Brazil tana yi tun 1996, Indiya ma da na'ura take zaɓe. Duk da haka ni ban goyi bayan a yi gaggawa ba. Takarda kowa yana iya ƙirga ta, har Inna da na ba ku labarinta. Abin da ke cikin kwamfuta sai injiniya, kuma a ƙasar da ake zargin juna, zaɓen da mutum goma kawai suka fahimta ba zai kwantar da hankali ba. Kenya ta fi kusa da halinmu: a 2017 Kotun Ƙolinsu ta soke zaɓen shugaban ƙasa saboda matsalar aika sakamako, a 2022 suka ɗora takardun rumfuna a shafi cikin sauri, kafafen yaɗa labarai suka riƙa tara nasu lissafin. Dangwalen da hannu suke yi kamar mu.

Ni ba ejan ba ne, ba kowa ba ne. Me zan iya yi ranar zaɓe?

Ka je da wuri ka ga an nuna akwati babu komai, an kuma nuna na'ura tana kan sifili. Bayan ka kaɗa, kada ka tafi gida. Ana warware ƙuri'u a ƙirga da ƙarfi a gaban jama'a, ka ƙirga tare da su. Ka nemi a faɗi adadin da na'ura ta tantance, ka ga an rubuta shi a fom EC8A, domin da shi ake kama aringizon da na yi bayani a sama. Malamin zaɓe zai sa hannu ya buga hatimi, ejan-ejan su sa nasu, a ba kowannensu kwafi, a ba ɗan sanda, a liƙa sakamakon a bango. Ka ɗauki hotonsa yadda lambar rumfa da kowane adadi za su fito sarai, ka tura wa mutum biyar kafin ka bar wurin. Washegari ka shiga IReV ka gwada.

In kuma kai ne ejan, aikinka bai ƙare a rumfa ba. Ka bi akwati har mazaɓa, kwafinka a aljihun gaba, ka zauna kusa da mai kwafe lambobi, kada ka sa hannu a takardar da aka goge aka gyara ba tare da bayani ba. Dare ake kaiwa, wani lokaci asuba. Ku da kuke gida, ku aika masa da abinci da ruwa, da tocila, da abin cajin waya, ku kuma shirya wanda zai karɓe shi in zai tashi salla.